Baba ya ce Faransanci ya mutu, ni kuwa shi nake so in karanta

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 20 daga jihar Katsina, ina karanta Tarihi da Hulɗar Ƙasashe, yanzu zan shiga aji biyu. A sashenmu ana ba mu damar ɗaukar ƙaramin fanni a gefen babban kwas, ni kuma raina yana kan harshen Faransanci da al'adunsa. Kakata ta wajen uwa 'yar Maraɗi ce, kuma tun ina ƙarama in muka je biki nakan ji 'yan uwa suna juya harshe, ni sai ido. Na ɗan taɓa shi a ƙaramar sakandare, amma ban riƙe komai ba sai gaisuwa. Damuwata Baba bai yarda ba. Ya ce Nijar ɗin ma ta kori Faransawa ta yar da harshensu, me zan yi da abin da aka zubar? Kalmar "al'adu" kuma ta tsaya masa a rai, ya ce mutanen da suka hana 'ya mace sa hijabi wace al'ada za su koya mini. Yayana shi ma ya ce in ɗauki tattalin arziki ko kwamfuta, wai Faransanci zai ja mini maki ƙasa, ƙarshenta kuma koyarwa. Saura mako uku a rufe rajista. Don Allah Anti ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka.

Ba zan ja miki rai ba: a ganina ki ɗauka. Amma kafin ki yi murna, akwai abin da Baba da Yaya ba su faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Na lura daga wasiƙarki kina tsammanin in kin yi rajistar wannan fanni, bayan shekara uku za ki koma Maraɗi ki shiga cikin hirar nan da ake barinki a gefe. Aji kaɗai ba zai kai ki can ba. Ni shaida ce.

Nima na yi Faransanci a gefen nawa digirin, kuma maki mai kyau na fita da shi, har ina taƙama. Bayan wasu shekaru aiki ya kai ni Maraɗi. A wani ofis wata mata ta karanto mini lambar wayar wanda zan gani, ni kuma na zaro biro da ƙarfin hali, ban ce ta yi mini da Hausa ba don kada a raina ni. Su bibbiyu suke karanta lamba. Ta ce quatre-vingt-seize, na rubuta 4, na rubuta 20, na rubuta 16. Haka muka yi ta tafiya har ta gama. Lambar Nijar alƙaluma takwas ce, ni na tashi da goma sha huɗu. Na fito bakin titi ina ta dannawa waya tana ƙi. Mai shayin da ke wurin, wanda ya ce mini iyakarsa firamare, ya leƙa takardar ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Hajiya, ai casa'in da shida aka ce miki." A Faransanci tamanin "huɗu sau ashirin" ce, casa'in da shida kuma "huɗu sau ashirin da sha shida", saba'in "sittin da goma". Na san wannan sarai, na ci shi a jarrabawa. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ji shi daga bakin mutum mai sauri wanda ba ya jirana. (Kada ki ce Faransawa ne kaɗai masu murɗa lissafi. A kasuwar garin nan in aka ce miki dala ashirin, sefa ɗari ake nufi, jaka kuma dubu. Wannan ma sai da aka koya mini.)

Mu yi lissafi. A ce kina da awa uku na Faransanci a mako, mako goma sha biyar a zango, zango shida daga aji biyu zuwa aji huɗu. Awa 270 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba, ba a yi hutun salla ba, malami bai yi tafiya ba. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da Faransanci, kuma su karatun ne aikinsu, su kaɗan a ɗaki, kullum. Ke kuwa kina iya tsintar kanki cikin mutum sittin, in rabonki ya zo ki buɗe baki sau biyu a zango. To kin ga ƙaramin fannin zai ba ki kamar kashi ɗaya cikin uku na hanya. Nahawu zai ba ki, da tsari, da wanda zai gyara miki rubutu, da ranar jarrabawa da za ta hana ki lalaci. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, mai koyo shi kaɗai a waya su yake rasawa. Sauran kashi biyun ke za ki nemo. In ba ki da niyyar nemowa, gara ki bi maganar Yaya, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne: za ki rubuta a takardar neman aiki cewa kina jin Faransanci, ranar ganawa wani ya juya harshe, ki daskare.

Sa'arki ɗaya, wadda ɗalibin Ibadan ko Inugu zai biya kuɗi ya samu bai samu ba: Faransanci a bayan gidanku yake. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa bai kai nisan Katsina zuwa Kano ba. Gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Nijar suna ba da labarai da Faransanci, su kuma ba da su da Hausa. Ki saurari na Hausa tukuna ki san zancen, sannan ki saurari na Faransanci, kunnenki ya riƙa tsintar abin da kin riga kin sani. RFI ma, rediyon Faransa wadda ta buɗe sashen Hausa a 2007, tana da labaran minti goma cikin sauƙin Faransanci domin masu koyo, tare da rubutunsu a intanet. Minti goma kullum ya fi awa biyar ranar Asabar. Amma ki yi hattara da 'yan uwan naki na Maraɗi, don su ne babbar dama kuma su ne babban tarko. Kina buɗe baki da jimla guda karkatacciya za su yi dariya su dawo da ke Hausa, don ta fi sauƙi ga kowa. Ki zaɓi mutum ɗaya, wata 'yar uwa sa'arki da ke makaranta, ku ƙulla yarjejeniya: ke ki taimake ta da Turanci, ita ta hana kanta yi miki Hausa na minti ashirin. Turancinki kaya ne mai daraja a can, ba roƙo za ki je yi ba.

Sai shaida. Ki sa a ranki tun yanzu cewa kafin ki tafi bautar ƙasa za ki zauna jarrabawar DELF, ta shaidar iya Faransanci. Ma'aikatar ilimi ta Faransa ce ke ba da ita, matakai huɗu ne, A1, A2, B1 da B2, sama da su kuma DALF mai C1 da C2. Ana gwada ji, da karatu, da rubutu, da magana, kowanne maki 25, ana son 50 cikin 100, kuma duk wanda ya kasa kawo 5 a ɗaya daga cikinsu ya faɗi ko da ya cinye sauran. Wato ba a ɓuya a bayan nahawu kamar yadda na ɓuya. Takardar ba ta tsufa, in kin samu kin samu har abada. B1 ki sa a gaba kafin ki gama, B2 bayan nan, don ita ce jami'o'in Faransa suka fi nema kuma daga nan ne mai ɗaukar aiki yake ɗaukarki da gaske. Cibiyoyin Alliance Française, irin na Kano da Kaduna, nan za ki tambayi lokaci da kuɗi. Akwai kuma ƙauyen koyon Faransanci na Badagiri a jihar Legas, wanda gwamnati ta kafa a 1991, inda ɗaliban da Faransanci ne babban kwas ɗinsu suke zuwa a aji uku su zauna cikin harshen, kamar yadda 'yan Larabci suke da nasu na Ngala. Masu ƙaramin fanni kada su ɗauka tafiyar da su ce kai tsaye. Ki tambayi sashen, ki kuma tambayi gajerun kwasa-kwasan da ake yi a can lokacin hutu.

Bari in ɗan ƙarfafa miki gwiwa, don na tsorata ki da yawa. Bahaushe yana shiga ajin Faransanci da guzurin da bai san yana da shi ba. Abin da ke sa mai Turanci kuka, wato kowane suna namiji ne ko mace, mu da shi muka tashi. Ba wanda zai zauna yana yi miki bayanin yadda kujera za ta zama "ita". Sai dai kada ki ɗauko jinsin Hausa ki ɗora, don wani lokaci a juye suke: mu rana mace ce, wata namiji, su rana namiji ce, wata mace. Kowace kalma ki haddace ta da le ko la ɗinta tun ranar farko, kamar yadda ake riƙe sunan mutum da na mahaifinsa. Haka bambancin tu da vous da ake ɓata mako guda ana bayani. Ke da ba kya ce wa Baba "kai" sai "ku", me za a koya miki? Inda za ki sha wuya shi ne leɓe. Mu p da f duk ɗaya muke jinsu, su kuwa pain burodi ne, faim yunwa. B da v ma haka: bain wanka, vin giya, kin ga wannan ba kuskuren da 'yar Malam za ta so ta yi a bainar jama'a ba ne. Ga wasulan hanci, ga haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, har ruwa a rubuta shi eau a ce "o". Ki riƙa ɗaukar muryarki a waya kina saurare. Ba daɗi, amma yana aiki. Kuma akwai kalmomin da kin riga kin sani daga bakin Kaka ba ki san daga nan suke ba: lakwal, jandarma, duwan, kamyo, bik. Har malamin makaranta da suke ce wa mushe, wanda ke ba 'yan Najeriya dariya, monsieur ne ya sha ruwan Hausa.

Yanzu mu zo kan Baba, kuma ki saurara da kyau, don maganarsa ba ta banza ba ce. Mutum ne mai bin labarai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa sun bar Nijar kafin ƙarshen shekarar. An cire sunan De Gaulle daga babban titin Yamai aka sa na Djibo Bakary. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Mali da Burkina Faso ma haka. Duk gaskiya ne. Amma ki karanta masa abin da sabuwar dokar ƙasar ta watan Maris ɗin 2025 ta ce game da harshe: Hausa ce harshen ƙasa, harsunan aiki kuma Turanci da Faransanci. Ki ƙirga. Uku ne. Biyu suna bakinki tun yanzu, na ukun kike neman izini ki ƙara. Ban san wata shekara da Bahaushiya mai Turanci da Faransanci ta fi dacewa da maƙwabtanmu kamar yanzu ba.

Kuma korar soja daban, sauya harshen takarda daban. Likitan Maraɗi da Faransanci yake rubuta magani, takardar duwan da shi take, lakca a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da shi ake yi, har sanarwar da aka kori Faransawan da ita da shi aka karanta. Zai yiwu nan da shekara talatin abin ya sauya, ina ma fatan Hausa ta karɓi wurinta a ofis da kotu. Amma wa zai yi wannan aikin? Wa zai juya dokoki da littattafan makaranta zuwa Hausa in ba wanda ya ƙware a duka biyun ba? Sannan Nijar ɗaya ce cikin huɗu. Duk ƙasar da muka haɗa iyakar ƙasa da ita, Binin da Nijar da Chadi da Kamaru, da Faransanci ake aikin gwamnati a cikinta. Tun 1996 Janar Abacha ya ayyana shi harshen hukuma na biyu a Najeriya saboda wannan dalili, maganar ta tsaya a takarda, shi ya sa kika fito daga sakandare da gaisuwa kawai. A ƙiyasin 2022 masu jin Faransanci a duniya miliyan 321 ne, kuma fiye da rabin masu magana da shi kullum a Afirka suke. Harshen ya daɗe da fin ƙarfin masu shi. In kin koye shi, da mutanen Kinshasa da Dakar da Abijan da Garwa za ki fi yin magana, ba da na Faris ba.

Maganar hijabi kuwa, kada ki kuskura ki ce wa Baba ba haka ba ne. Haka ne. A 2004 Faransa ta yi dokar hana sa alamomin addini bayyanannu a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, wadda ta haɗa da babban kuros da hular Yahudawa, amma kowa ya san 'yan mata Musulmi ta fi taɓawa. A 2010 aka hana rufe fuska a bainar jama'a, a 2023 aka hana abaya a makarantu. Dokar 2004 ba ta shafi jami'a ba, wannan ma a faɗa don adalci. Ni a ra'ayina zalunci ne a sa yarinya ta zaɓa tsakanin ɗankwalinta da ajinta, kuma ban taɓa ɓoye wannan ra'ayi ba, har a gaban Faransawa, da harshensu. Abin lura ke nan. Darasin "al'adu" a jami'a ba tarbiyya ba ce, ba wanda zai ce ki yi koyi. Za a koya miki yadda aka yi juyin juya halin Faransa na 1789, da dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati, da yadda daga nan aka zo ga wannan tsattsauran ra'ayi na raba addini da hukuma. Za ki karanta adabi, kuma mai yawa daga cikinsa na 'yan Afirka ne da suka ɗauki harshen mai mulkinsu suka yi masa tonon silili da shi. Wadda ta san wannan ita ke iya mayar da martani mai nauyi. Wadda ba ta sani ba, sai dai ta yi Allah wadai daga nesa.

A nan ne ma nake ganin babbar hujjarki take, kuma ba ki ambace ta ba. Ke ɗalibar tarihi ce, 'yar Katsina. Kin san bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe arewa suka yi, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Da Turawa suka zo suka ja layi, rabin labarin ya faɗa hannun Ingilishi, rabi hannun Faransa. Abin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi a 1899, ƙona Birnin Ƙonni da yaƙin da Sarauniya ta yi da su a Lugu, cin Damagaram a wannan shekarar, kashe Rabe a Kusuri a 1900, tawayen Kawusan a Agadas a 1916 zuwa 1917, rahotannin haraji da aikin tilas da naɗin sarauta da tuɓewa, duk waɗannan tarihin Hausawa da maƙwabtansu ne, kuma takardun masu mulkin da Faransanci suke, a ma'ajiyar tarihi ta Yamai, da ta Dakar, da ta Aix-en-Provence a kudancin Faransa. Ɗalibanmu da yawa suna rubuta tarihin ƙasar Hausa kamar ta ƙare a shingen Jibiya, ba don komai ba sai don abin da ke bayan shingen ba su iya karanta shi. Haka masana na can da yawa ba sa karanta namu. Ki yi tunanin kundin kammala digirinki a kan cinikin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, ko a kan yadda iyali ɗaya ya rabu gida biyu, da hirar tsofaffi da Hausa, da takardun ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da Turanci, da na Yamai da Faransanci. Malamin da ya san aikinsa zai miƙe zaune in ya ga irin wannan. Kakarki ma, in tana raye, ita ce shafin farko.

Ga Yaya, rabin maganarsa gaskiya ce. Harshe ba a yi masa karatun daren jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Darasin tarihi in kin yi fashin mako uku kina iya aron littafin ƙawa ki cike giɓi. Faransanci gini ne, bulo kan bulo, in kin rasa na ƙasa na sama ba ya zama. Da yawa da suka kwashi kariyoba a nan ba don ba su da kai ba ne, raini suka yi. Saboda haka a cikin makon nan, ba na gaba ba, ki je sashen da ƙafarki ki yi tambaya. Daga farko ake fara wa masu ƙaramin fanni, ko haɗa ku za a yi da waɗanda suka ci shi a WAEC da 'yan Nijar da Kamaru da suka tashi da shi? Wannan tambayar ita ce uwa, don in haɗa ku za a yi ba tare da ajin 'yan koyo ba, makinki zai sha wuya da gaske. Lokutan lakcarsa suna karo da na babban kwas ɗinki? Zai fito a jikin shaidar digiri ko a takardar sakamako kawai? In abin ya gagara bayan zango ɗaya, ana iya sauyawa? Ki kuma nemi 'yan aji huɗu biyu da suka bi wannan hanya, su za su gaya miki abin da ofis ba zai faɗa ba. In sakamakonki na aji ɗaya yana rawa a bakin iyaka, ko amsoshin nan ba su yi daɗi ba, to ki janye, ki koyi harshen a waje inda faɗuwa ba ta taɓa digirinki. Taura biyu ba ta taunuwa ga mai ciwon haƙori.

Batun aiki kuma, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Ƙaramin fanni ba ya mayar da mutum tafinta, wannan sana'a ce mai horo na musamman bayan digiri. Abin da yake yi shi ne ya bambanta ki da sauran ɗari biyar masu digiri irin naki. Hedikwatar ECOWAS a Abuja take, da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal take aiki, kuma ko bayan ficewar Nijar da Mali da Burkina a Janairun 2025, biyar cikin ƙasashe 12 da suka rage masu Faransanci ne. Hukumar Tafkin Chadi tana Njamena tun 1964, Bankin Raya Afirka yana Abijan, ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC da Larabci da Turanci da Faransanci take aiki, sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya da Turanci da Faransanci. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a ɓangarori biyu na iyaka kullum cikin neman wanda zai yi wa mara lafiya Hausa ya rubuta rahoto da ɗayan biyun suke. Bankunanmu sun buɗe rassa a waɗannan ƙasashe, Dangote yana da masana'antar siminti a Senegal da Kamaru, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Samun shiga waɗannan wurare ba sauƙi, akwai gasa, akwai kuma wa-ka-sani. Amma ƙofa ce da marar harshe ba ya ma ƙwanƙwasawa. Koyarwar da Yaya ke rainawa kuwa, ina ma a ce an sami malami nagari a makarantarku ta sakandare, da yau ba gaisuwa kaɗai kika riƙe ba. Kwamfuta ki koye ta, dole ce, amma ita ana iya kama abin da kike buƙata a hutu ɗaya ko biyu. In ya ce ai waya tana fassara yanzu, ki ce masa haka ne, tana fassara takarda. Ba ta zama a teburin sulhu ta gane cewa "za mu duba" ɗin da aka faɗa a'a ce.

Saura yadda za ki tunkari Baba. Kada ki je masa da gardamar siyasa, zai fi ki, kuma ko kin fi shi kin faɗi. Ki karɓo jerin darussan daga sashen, a rubuce, ki kai masa ya gani da idonsa abin da ke cikin kalmar "al'adu". Yawancin tsoron iyaye na abin da ba a nuna musu ba ne. Ki fara da Mama, tunda danginta ne a tsakiyar zancen, ko wani kawu da Baba ke jin nauyinsa. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ba yana shigowa daga kasuwa ko ofis ba. Ki ce masa, "Baba, na ji abin da kuka ce, na je na bincika, ga abin da na samo, ku duba mini." In zancen addini ya taso, ki tuna masa Zaidu ɗan Sabit, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata. Wannan yana cikin littattafan hadisi. Amma maganar nan da ke yawo a bakin mutane wai hadisi ce, cewa wanda ya koyi harshen mutane ya tsira daga makircinsu, kada ki kai masa ita, malamai sun ce ba ta da asali, kuma in Baba ya sani kin zubar da sauran hujjojinki. Ki ba shi sharaɗi da bakinki: zango biyu, in makinki ya sauka za ki ajiye. Iyaye suna son su ga ƙofar fita kafin su yarda a shiga.

In duk da haka ya ce a'a, to a'a ce. Kada ki yi rajista a ɓoye. Shi ke biyan kuɗin makaranta, takardar sakamako kuma wata rana za ta zo hannunsa, abin da za ki rasa a ranar ya fi ƙaramin fanni tsada. Ki ɗauki tattalin arzikin, ba asara ba ne ga mai karanta hulɗar ƙasashe. DELF ba ta tambayar abin da kika karanta a jami'a, rediyo ba ya neman sa hannun kowa, kuma ban ga uban da zai hana 'yarsa gaisawa da dangin uwarta ba. Sau da yawa uban da ya ƙi a aji biyu shi ne mai kiran 'yarsa a gaban baƙi bayan shekara uku ya ce ta karanta musu takardar da aka aiko daga Kwatano.

Yau da daddare ki kira Maraɗi ki nemo 'yar uwar nan. Ki ce ta aiko miki da saƙon murya a WhatsApp, ta karanto miki lambobin waya biyar, bibbiyu, da saurin da take yi wa ƙawayenta. Ki rubuta da fensir.